Ƙarfen da Bai Taɓa Inde Ba

Likita ya ce ciwon ƙanwata daji ne, sai an yi mata gashi da inji, injin kuwa yana can Yamai, ga nisa ga jiran layi. Muna cikin neman mafita kawunmu ya gyara zama ya ce, "Daji ba shi son ƙarhe. Ku bar yarinya gida." Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Maganar nan ta daɗe tana cin mata a gidanmu, kuma na san wadda ta fara ci.

Sunanta Inde, kakar kakata ce, a nan Madarumfa ta rayu ƴan shekaru kafin Nasara su shigo ƙasar. Bandar kifi take yi a bakin tabki. Masunta su kawo tarwaɗa, ta gyara, ta jera bisa hayaƙi, tana yi tana tsokanar masu saye. An ce in ta yi dariya har na cikin kwalekwale sai sun waiwayo. Mijinta Garba manomi ne, ba mugu ba, amma komai aka kawo masa sai ya ce a bari a gani. Ni irinsa sun fi mugu ba ni haushi.

Wata damina ta ji ƙullutu a nononta na hagu, bai wuce gujiya ba. A lokacin duk yankin mutum ɗaya ke taɓa irin wannan, wani tsohon maƙeri a Gabi mai suna Dogo. Sakiya yake yi, ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ƙone ciwo da shi. Ba na cewa yana warkar da daji. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Sharaɗinsa dai ɗaya ne, a zo masa da wuri, kafin abin ya fashe.

Inde ta ce a kai ta. Garba ya ce a bari a gama noma. Aka gama noma, ya ce jaki na jidar hatsi. Hatsi ya shiga rumbu, sai ya tara ƴan'uwansa maza, suka zauna suna shawara a kan ciwon da ba ɗayansu ke jin zafinsa, suka yanke cewa daji ba ya son ƙarfe. Aka bi ta da jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ƙullutu ya kai ƙwan kaza, ya wuce, ya fashe. Masu sayen kifi suka fara toshe hanci suna wucewa gaba.

Ran nan da hantsi ta ɗaure ƙirji da tsumma, ta kama hanyar Gabi a ƙafa, ba ta sallami kowa ba. Ta tarar da Dogo a maƙera, ta kwance tsumman. Ya duba.

"Ɗiyata, kin makara," ya ce. "In na aza wuta nan, azaba ɗai zan ƙara miki."

"Baba, sa mani hakanan."

"Ba ni yi. Mi ya hana ki zowa tun da damana?"

Ya sa aka dama mata fura, ya ɗora ta bisa jakinsa aka mayar da ita gida. Jama'a kuwa suka ga Inde a kan jakin maƙerin Gabi, kowa ya ƙarasa sauran labarin da kansa. Ta rantse ba a taɓa ta ba, aka ce zafin ciwo ne ke sa ta surutai. Kafin wata damina ta rasu.

Yayarta Asma'u ce ta yi mata wanka. Ta fito idanunta jawur, ta tarar da Garba yana karɓar gaisuwa yana cewa, "Mun hana ta, ta ƙiya. Ƙarhe ya taɓa shi, shi ke nan."

Asma'u ta tsaya a kansa. "Garba, ka ji tsoron Allah. Da hannuna na wanke ta. Babu tabon wuta ko ɗaya a jikinta."

Sai babban wan Garba ya ɗago kai, ya ce a hankali, "Asma'u, mai wankan gawa ba ta hwaɗin abin da ta gani. Koma ciki."

Ta koma ciki, maza suka ci gaba da gaisawa.