Wasiƙar da na aika wa alƙalan wasa

Shekara goma bayan soja sun karɓi mulki, ruwa ya ɗauke mana tun hatsi bai kai gwiwa ba. A shekarar ce kuma aka kawo telebijin ƙauyenmu, kusa da Maijirgi, aka ɗora ta bisa tebur a ƙofar mai gari, da wani faranti a kan rufi yana shan rana yana ba ta wuta. Da an sallame magariba sai mu taru. Yawancinmu ba mu sa komai a baki ba tun safe, kallon yana ɗan ɗauke mana hankali daga ciki.

Da rani aka yi gasar wasan kwaikwayo ta samarin garuruwa. Ana nuna wasannin a telebijin ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe alƙalai a Yamai su ba da kyauta. Maƙwabcina, wani manomi Kirista da iyakar gona ta haɗa mu, yana cikin 'yan wasan Tasawa. Ya fito a mai rabon tsabar taimako, wanda ya doki gindin tiya ya lotsa ciki don awo ya ragu. Yana auna wa mutane yana sa musu albarka, fuskar nan tasa kamar ta mai tausayi.

"Wallahi na san tiyar nan!" in ji wata tsohuwa. "Da ita aka auna mini ran Talata!"

"Inna, rage murya," wani ya ce mata, "akwatin nan yana da kunne."

Aka yi dariya, amma an waiwaya kafin a yi.

Kwana da kwanaki ba mu da zance sai wannan. Telan garinmu shi kaɗai ya fi son wasan wani gari, na dashen itace, wai sun fi kaya masu kyau, ga kiɗa.

Na ce masa, "Kai tela, ɗinki ka je kallo ko wasa?"

Ya ce, "Malam, zauna ka gani. Kyauta ba ta zuwa wurin masu tona asiri."

Tela ya yi gaskiya. Masu dashen itace suka ci, namu ko ambatonsa ba a yi ba. Maƙwabcina bai damu ba. Ya ce mini, "Malam, kwana huɗu suna ba mu shinkafa har da mai. Ni kyautata ke nan, na cinye ta."

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na fiƙe alƙalami, na dama tawada, na rubuta wa alƙalan wasiƙa da ajami, don shi na iya. Na ce sun ji tsoro, sun zaɓi wasan da ba ya ɓata wa kowa rai, kuma tiyar da suka gani ba ƙirƙira ba ce. Ban sa sunana ba, amma na sa sunan ƙauyenmu, don ina so su san muna da ido. Na ba wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi da ita.

Gab da faɗuwar damina wata mota ta tsaya a ƙofar mai gari, mutum biyu masu kaki suka fito da takardata a hannu. Ba su daɗe suna tambaya ba. Wa ya yi wasan? Wa ya rasa kyauta? Aka nuna musu maƙwabcina.

Duk wanda ke tsaye a wurin ya san mutumin nan boko ya iya, da shi yake karanta littafinsu na coci, bai san ko alif a ajami ba. Ba wanda ya faɗa. Ina tsaye da tasbaha a hannu, ni ma ban faɗa ba. Suka ce ya sa wani ya rubuta masa, ya faɗi ko wane ne. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa, ya shiga motar.

Kwana goma sha biyu ya yi. A cikinsu aka yi ruwan shuka. Matarsa ba ta shuka ba, don irin da suka ɓoye ta daka wa yara. Ya dawo yana ɗingishi, gonarsa fayau. Da kaka suka tafi kudu cin rani su shida, suka dawo su biyar, babu ƙaramar ɗiyarsu.

Garin kuma ya sami labarin da ya fi masa sauƙi: wai son kyauta ne ya ja masa. Har yara suna kiransa mai kyauta. Muka ci gaba da gaisawa a bakin gona shekara da shekaru. Ina salla, ina roƙon gafara, amma na san ba a wurin Allah kaɗai haƙƙin yake ba.

Sai da wani farin ya sake zuwa, mun yi furfura, na ji yana shirin komawa wurin ɗansa a Atantane. Na same shi da hantsi yana ɗaure kaya a amalanken jaki. Na ce, "Ɗan'uwa, ni na rubuta."

Bai daina jan igiya ba. "Na sani, Malam. Wa ke da zafin kai a kan wasa kamarka?"

"Me zan yi?"

Ya ce, "Yarinyar ba za ka dawo da ita ba, kuma ban ce kai ka kashe ta ba. Sunana nake so. Jikokina suna jin abin da ake kirana."

Ran Juma'a, da aka sallame, na miƙe kafin mutane su watse. Yana tsaye a waje, gindin itacen bedi, don ba ya shiga masallaci. Na faɗa da ƙarfi yadda zai ji: ni na rubuta, shi bai sani ba, an tambaye shi ya rufa mini asiri, ni na yi shiru. Wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai, tela na cikinsu.

Na fito na iske shi. Ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa ya ɗan jima.

Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Ba na binka komai."