Doyar Marigayi Kimba

Amidu ɗan unguwar Alabar ne a Kumasi, a nan aka yanke masa cibiya, kuma duk wanda ya zauna a Zongon Kumasi kafin a samu mulkin kai ya san muryarsa ko da bai san fuskarsa ba. Ubansa tela ne, mutumin Salaga. Ya zaunar da shi a kan keke shekara biyu, Amidu bai iya ɗinka ko aljihu ba, amma duk wanda ya kawo ɗinki sai ya koma gida da labari. Da uban ya gaji sai ya haɗa shi da wani direba ya yi masa karen mota a hanyar Tamale. Tafiyar farko direban ya sauke shi a Yeji, ya ce gara ya ɗauki akuya a gaban mota, ita aƙalla tana yin shiru idan tana tuƙa. Amidu ya dawo Kumasi a bayan motar busasshen kifi.

Matarsa Kadijatu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci, takan ce ita akwatin rediyo ta aura, irin wanda ba a yi masa wurin kashewa ba. Da kokonta gidan yake ci, har shekarar 1953 da Allah ya haɗa Amidu da sana'arsa.

Lokacin sabuwar doya ne. Yana yawo a tasha bayan babbar kasuwa sai ya ga wani mutum zaune a gefen tarin doya, ya haɗa kai da gwiwa. Sunansa Kimba, Bazabarme ne. Da can tallan yadi yake yi kamar sauran 'yan'uwansa, amma ciniki yana son magana, shi kuwa magana ciwo take sa masa, don haka ya nemi fili a wajen Ejura ya kama noma. Filin da aka ba shi duk marmara ne da tsakuwa. Doyar da ta fito a ciki babu mai kyan gani ko ɗaya: wata ta lanƙwashe kamar ƙahon rago, wata ta yi yatsu biyar, wata ta yi ƙusumbi. Kwanansa uku a nan, matan kasuwa suna zuwa su duba, su yi dariya, su wuce.

Amidu bai nemi izini ba. Ya ɗauki wadda ta fi muni, ya hau kan wani akwati, ya ɗaga ta sama.

"Ku zo ku ga doyar da ta yi aiki," in ji shi. "Waccan miƙaƙƙiyar da kuke saye, doyar akawu ce, ba ta taɓa shan wahala ba, ruwa ne a cikinta. Wannan kuwa wata takwas ta yi tana kokawa da dutse. Ta ci karo da shi ta kauce, ta sake cin karo ta sake kaucewa. Duk inda kuka ga ta lanƙwashe, nan garin ya taru."

Ya faɗa da Hausa, ya juya da Asantanci, ya ƙara da guntun Turanci saboda wani akawu da ya ji an ambace shi ya tsaya. Akawun ne ma ya fara saye, don kada a ce da shi ake. Kafin la'asar babu ko ɗaya a ƙasa. Abin da ya taimaki Amidu, wanda shi kansa bai sani ba sai da Kadijatu ta dafa wadda aka ba shi lada, shi ne doyar da gaske tana da gari da daɗi.

Suka shirya. Kimba zai riƙa ɗoro doya a mota daga Ejura, Amidu ya tare ta a tasha ya sayar. Amidu ya sa sharaɗi guda.

"Malam Kimba, kada ka ƙara zuwa kasuwar nan. Fuskarka ba ta sayar da doya."

"To," in ji Kimba. Wannan ce doguwar maganar da ya yi a ranar.

Da babu mai gonar a kusa, sai bakin Amidu ya samu fili. Kimba bai wuce shekara arba'in ba, gemu ma bai dame shi ba, amma a kasuwa ya fara tsufa da sauri. Shekarar farko ya kai saba'in. Ta biyu ya kai tasa'in da bakwai, da farin gemu har cibiya. Wai kowace kunyar doya ya san ta da suna, yana gaishe su da asuba. Wai ba ya barin mai fushi ya taka gonar, don doya tana jin haushi ta yi ɗaci. Wai wani miji da mata a Asawase da suka yi wata biyu ba sa ga maciji sun ci sakwarar doyar tsoho, bayan wata tara aka yi suna. Amidu bai taɓa taka gonar ba, bai ma san ta wace kusurwar Ejura take ba, amma yakan kwatanta wata bishiyar ɗorawa da ke tsakiyarta har ka ji kamar ka taɓa shan inuwarta.

Wata rana Malam Iddrisu, mai makarantar allo a unguwarsu, ya tare shi bayan azahar.

"Amidu, an ce kana cewa tsohon nan yana tofa addu'a a kowace doya. Ka gani da idonka?"

"Allah gafarta Malam, ban gani ba."

"To ƙarya kenan."

"Malam, rubutun da ka ba maƙwabciyarmu Asana na ciwon baya, ai na ga kai ma da sanda kake tashi. Amma ta sha, ta ce ta ji sauƙi. Ni ma masu cin doyata ba wanda ya dawo da ƙara."

Malam ya ce Allah ya shirye shi. Da yamma Amidu ya aika masa da doya uku, ba a dawo da su ba.

Babbar mai sayensa wata Ba'asantiya ce, Maame Afua, mai gidan abinci kusa da tashar Kejetia, inda direbobi suke cika suna cin dafaffiyar doya da miyar ganye. Ita ma ta ɗauki labarin tsohon tana ƙara masa nata gishiri, har direbobi suna cewa a zuba musu ta tsoho. Kramo take kiran Amidu, yadda Asantawa suke kiran Musulmi. A kakar 1956 ta same shi a tasha da ƙunshin atamfa a hammata.

"Kramo, shekara uku ina cin arzikin tsohon nan ban taɓa gaishe shi ba. Wannan ba tarbiyya ba ce. Ranar Lahadi na ɗauki mota, ni da ƙawayena goma sha ɗaya, za mu kai masa zane ya sa mana albarka. Kai za ka nuna hanya."

Amidu ya ce tsohon ba ya son hayaniya. Ta ce za su yi shiru. Ya ce hanyar ba ta da kyau. Ta ce a ƙauye aka haife ta. Ya ce tsohon ba ya ganin mata. Ta ce mai shekara ɗari, me ya rage masa da zai ji tsoro.

Ranar Asabar ya riga su tafiya, yana tambaya har ya samu gonar. Babu ɗorawa, babu ma inuwar da kaza za ta fake. Duwatsu ne jibge a gefe-gefe, waɗanda Kimba ya tsince da hannu shekara da shekaru, sai bukka ɗaya, sai Kimba a tsakiya da fartanya. Amidu ya zayyana masa halin da ake ciki, ya fito da audugar da ya saya a hanya da ɗan ƙaro, ya ce gemu ne na yini ɗaya kawai, ya zauna a bukka ya riƙa gyaɗa kai.

Kimba ya dubi audugar, ya dubi Amidu. "A'a," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a bakin gona, mata goma sha biyu suka sauko cikin kwalliya. Amidu ya tarye su yana tafe yana jan ƙafa, har lokacin bai san abin da zai ce ba. Maame Afua ta tambayi inda tsoho yake. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Maame, kun makara. Shekaranjiya Allah ya karɓi abinsa. Wancan da kuke gani ɗansa ne."

Ya ɗauka za su yi ta'aziyya su juya. Ya manta da su wa yake magana. Ba'asante da makoki, sai dai idan bai ji labari ba. Nan take suka ɗaura ɗankwali a ƙugu, suka ɗora hannu a ka, suka fara kuka mai waƙa suna zagaya bukka. Suka kama Kimba suka zaunar a kan turmi, suka yafa masa atamfar, suka jeru suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga abin ya yi yawa sai ya ce da Hausa, "Ni ne Kimba."

Maame Afua ta tambayi me ya ce. Amidu ya ce, "Wai yanzu shi ne Kimba, ya gaji sunan." Kuka ya ƙaru. Suka nemi kabari, Amidu ya nuna tarin duwatsu mafi girma, suka tsaya a kansa suka yi wa tsoho godiya. Da za su tafi kowace ta sayi doya ta tunawa.

Mako biyu da suka biyo baya, Amidu bai taɓa ciniki irinsa ba. Doyar ƙarshe da marigayi ya shuka da hannunsa, in ta ƙare shi kenan. Har daga Oforikrom ake zuwa nema. Kadijatu ta ce masa, "Baban Sala, mutumin nan fa yana da dangi." Ya ce ai Ejura da nisa.

Ejura da nisa, amma Zabarmawa 'yan talla babu inda ba sa zuwa. Labari ya fita daga kasuwa ya zama Kimba na Ejura ya rasu, ba tsoho ba yaro. 'Yan'uwansa na Zongo suka taru suka yi masa addu'a, aka raba masar sadaka. Labari ya bi motocin arewa har ƙasarsu. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, wansa Hamani ya iso gonar daga Dosso, ƙafa a kumbure, ya zo tattara gado. Ya tarar da mamacin yana gasa doya. An ce Hamani ya yi murna, amma sai da ya ɗan zauna tukuna.

Ranar Juma'a Kimba ya shigo Kumasi da wansa. Ya shiga sahu a masallaci kusa da wani ɗan garinsu wanda ya ci masar sadakarsa. Mutumin ya waiga, ya sake waigawa, ya bar takalmansa a nan. Bayan sallah aka kai magana gaban sarkin Zabarmawan Zongo, aka aika a kira Amidu.

Sarki ya tambaye shi dalilin da ya kashe mutum yana raye.

"Ranka ya daɗe, ni ba wannan na kashe ba. Wanda na kashe ni na yi abina, shekararsa ɗari, kuma ya sha fama."

Sarki ya rufe baki da hannun riga, ya yi kamar tari. Ya juya ga Kimba ya ce ya faɗi abin da yake so. Kimba ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a zamansa na ƙasar Asante.

"Ya biya wa yayana motar komawa. Ya zaga kasuwa ya ce ina da rai. Kuma ya fitar da sunana daga bakinsa."

Amidu ya cika biyu na farko. Ya ari gwangwani da sanda, ya bi layi-layi yana shela da harshe uku cewa Kimba na Ejura yana nan da ransa. Sai dai kafin ya kai layin masu barkono shelar ta riga ta zama doyar mutumin da ya mutu ya dawo, kuma mutane sun fara tambayar yaushe mota za ta iso.

Motar ta iso, amma ba wurinsa ba. Maame Afua ta ji komai. Ba ta yi fushi ba, ta ce dai kukanta na ranar nan bai kamata ya tafi a banza ba. Ta je Ejura ita kaɗai, ta shirya da Kimba ya riƙa kawo mata doyar kai tsaye. Ba ya jin Asantanci, ita kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, da yatsu suke ciniki, kuma an ce bai taɓa samun abokin hulɗar da ya kwanta masa a rai kamarta ba. A gidan abincinta ta ci gaba da ba direbobi labarin tsoho, har da yadda ta halarci makokinsa.

Amidu ya yi wata uku yana taya Kadijatu miƙa ƙosai, yana ba masu saye tarihin waken, har ta roƙe shi ya fita ya nemi abin yi, don layi ba ya tafiya. A shekarar da aka samu mulkin kai ya haɗu da wasu manoman albasa daga Bawku, ya zama bakinsu a kasuwa, daga baya masu tumatir na Akumadan ma suka neme shi. Manoma suka gane cewa kaya in ya bi ta hannun Amidu ba ya kwana. Ya samu rumfa tasa, ya yi ƙiba, ya sayi keken hawa da bai iya hawa ba, yana tura shi yana magana.

Ƙarya dai bai daina ba, amma ya koyi taka-tsantsan irin nasa. Duk manomin da ya zo neman ya sayar masa da kaya, sai Amidu ya zaunar da shi, ya sa a kawo masa ruwa, ya tambayi sunan garinsu da irin ƙasar gonar. Daga nan ya matso kusa ya rage murya.

"Kana da wa ko ƙane da zai iya tasowa daga nesa?"

In manomi ya ce yana da shi, sai Amidu ya bar shi da ransa, ya ƙulla labarin a kan jakin manomin.