Gida na Huɗu a Wasan 'Yata

Aji huɗu na yi a firamare, amma a layinmu na Hausari cikin masu ilimi ake sa ni, don ni ke karanta wa mutane takardar magani. Wannan ilimin nawa shi ya ci wa 'yata shekara guda.

Lokacin tana ajin ƙarshe a makarantar kwamfuta. Aikin da za ta nuna wa malamai wasa ne: mai keke mai ƙafa uku yana bin layinmu yana ɗaukar fasinja gida-gida. Dokar hana fita takan tsare mu a gida tun la'asar, sai in zauna kusa da ita ina ba da shawarar da ba wanda ya nema.

"Baba, wannan jerin shi ake ce wa tebur," in ji ta. "Gida goma sha biyu, kowanne da lambarsa da sunan mai shi. Keken zai ɗauko na ɗaya, ya ɗauko na biyu, har ƙarshe. Kalmar nan nil tana nufin babu. In ya tarar da ita, nan zai tsaya."

Na ce na gane. Rabin farko na gane.

Na huɗu a jerin sunan maƙwabcinmu ne, wanda ɗansa ya bi yaran daji, masu tayar da ƙayar baya. A shekarun nan ko a ɗaka ba a ambaton gidan. Ga shi hanyarta ta zuwa makaranta a Jiddari Polo duk shingen bincike ne, a buɗe waya, a buɗe kwamfuta. Ranar nuna aikin, tana shiga wanka na ɗora tabarau, na goge sunan da yatsa ɗaya, na rubuta nil. Har yaba wa kaina na yi.

A gaban malamai keken ya ɗauki mutum uku ya kafe. Ta duba ko'ina ban da jerin, don ta san da hannunta ta rubuta shi. Aka ce ta dawo baɗi.

Kwana uku ba ta cin abincin kirki, ni kuwa ina ta ɗora laifi kan wutar lantarki. A na huɗu ta ajiye kwamfutar a gabana.

"Baba, a gidan nan wa ya san nil? Ni da wa?"

Na ce, "Ai uwarki ma tana da kai."

Ba ta yi dariya ba. "Da ka gaya mini, da na cire gidan gaba ɗaya, na biyar ya matso. Ko in canza masa suna. Aikin minti ɗaya ne, Baba."

Na tambaye ta ko an buɗe kwamfutar a shinge ranar. Ta ce ko jakar ba a kalla ba.

Da shekara ta zagayo ta ci jarrabawar, da gidaje masu launin ƙofa maimakon suna. Ni na raka ta a keke, jakar a cinyata. Amma tun ranar da ta gano ni ta sa wa kwamfutar kalmar sirri, uwarta ta sani, ni ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.