Wasiƙar Kawu Issaka

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da na cika tara a duniya, direban lorin doya ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ke zangon Salaga. Ina tsugune a tsakar gida ina tsince 'ya'yan kaɗanyar da muka shanya, Mma kuma, mahaifiyata, tana cuɗa ƙullun kaɗe a babban kwano, hannunta ya nutse har gwiwa. Daga zaure direban ya ɗaga murya ya ce daga Bawku yake, kuma an ce ya faɗa mata yayanta Issaka yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, ya yi mako biyu bai leƙa kara wurin shanunsa ba. Na ga hannun Mma ya tsaya a cikin kwanon. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," kamar yadda ake faɗa wa baƙon da ba a sani ba. Direba ya juya zai tafi, sai ta sake ɗaga murya ta tambaye shi yaushe zai koma. Ya ce jibi da hantsi, da zarar an gama lodi.

Kawu Issaka shi kaɗai ne ɗan'uwan Mma, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara bakwai ke nan ba su yi wa juna magana ba. Lokacin da kakarmu ta kwanta ciwon ajali a Bawku bai aiko da wuri ba, sai da aka binne ta labari ya iso. Mma ta je sadakar arba'in da zuciya a kumbure, ta tsaya a gaban mutane ta ce masa daga ranar ba ta da ɗan'uwa. Ta hau lori ta dawo, aka daina kiran sunansa a gidanmu. Amma duk sallar da aka yi sai na ga ta ware naman tsagi ɗaya ta shanya daban, ya bushe, ta rasa wanda za ta ba, daga baya ta zuba shi a miya.

Tafiya ba ta yiwu mata ba, don tana da tsohon ciki, hanya kuma a damina ta Yendi da Gambaga ake bi, kwana biyu ana girgiza a kan doya. Saura wasiƙa. Akwai malami a unguwarmu da yake rubuta wa mutane da ajami, amma Mma ta ce ba za ta kwance maganar gidansu a zauren wani ba. Allah ya sa yayata Memuna tana gida hutu. Ita aka ba gwaggonmu a Yendi tun tana ƙarama, can aka sa ta makarantar boko, ni kuwa aka bar ni da tulu da tsintsiya. Kullum da asuba ni ce rijiya, ni ce tallan koko da ƙosai, ni ce dajin kaɗanya tare da 'yan matan unguwa, in mun dawo mu yi ampe, wasan tsalle da tafi, a bakin masallaci har ƙafafunmu su yi fari. Ban taɓa jin haushin rabona ba sai in na ga Memuna ta buɗe kwalbar tawada. Turanci aka koya mata rubutawa, kuma babban ɗan Kawu ya yi boko, shi zai karanta ya mayar wa ubansa da Hausa. Ta haka magana za ta fita daga gida ta shiga gida, babu kunnen bare.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, Memuna ta cire takarda biyu daga tsakiyar littafinta, ta kifa faranti a cinya ya zama tebur. Mma tana faɗa, ita tana juyawa tana rubutawa. Har yau in na rufe ido ina jin maganar. Ta fara da sallama, ta gaida matarsa da 'ya'yansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta gaida shanu, ta tambayi ruwa. Can ta ce, "Rubuta masa, Yaya, bakina ne ya faɗa, cikina bai taɓa faɗa ba. Ka yafe mini don nonon da muka sha." Da aka gama ta ce a karanta mata da Hausa daga farko, don haka ake yi a lokacin, ba a naɗe wasiƙa sai mai ita ya ji maganarsa ta dawo masa ya yarda tasa ce.

Mma ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta karɓi takardar ta ɗaga ta sama kamar mai duba zane a kasuwa. Ta sa yatsa a wurare biyu inda aka ja layi a kan rubutu, ta tambaya mene ne wannan. Memuna ta ce kuskure ta yi wajen jera baƙaƙen, ta soke ta gyara a gaba. Mma ta girgiza kai. Ta ce idan Yaya ya ga wurin da aka soke zai ce wata magana ta fara ta haɗiye, zai kwanta yana tunanin me ke ƙarƙashin layin, kuma mai neman gafara ba ya zuwa da abu a ɓoye a bayansa. A sake. Memuna ta tura baki ta ce a makaranta ma ticha yana karɓar mai gyara biyu. Mma ta ce, "Tichanki bai zagi ɗan'uwansa a gaban jama'a ba."

Ranar Laraba aka sake zama bayan mun dawo daga rijiya. Memuna ta yi rabi, sai ta tsaya a kan wata kalma, ta ce ba ta tabbata yadda ake jera ta ba, amma ai za a gane. Mma ta ce ba ta son za a gane, tana son daidai. Akwai wani ticha a bayan kasuwa, ta ce a je a tambaye shi, amma kada a kai masa takardar. Memuna ta rubuta kalmar a tafin hannunta ta dunƙule, na raka ta. Muka tarar ya tafi gonar doya. Muka zauna a dakalinsa muna wasa da tsakuwa, ita da hannu ɗaya don kada gumi ya goge, har la'asar ta yi sanyi ya dawo da fartanya a kafaɗa. Ya duba tafin ya yi dariya, ya ce baƙi ɗaya ne ya ɓace, ya ƙara mata shi da tsinke. Muka dawo rana ta kusa faɗuwa, ga tuwo ga wanke-wanke, aka ce sai da safe.

Da safiyar Alhamis Memuna ta rubuta ta uku. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin takardar nan ba. Layuka sun miƙe kamar kunyoyin gona, babu suka, babu ɗigon tawada. Aka karanta wa Mma, ta ce madalla, ta shiga ɗaki ɗauko ambulan, Memuna ta tafi wanke alƙalami, aka bar takardar a kan faranti tana shan iska. Ni kuwa na fito daga wurin kwashe man kaɗe. So nake kawai in ji ko rubutu yana da tudu a hannu, kamar zanen ƙwarya. Na ɗora babban yatsana a ƙasa, daidai wurin neman gafarar. Da na ɗaga, sai ga tabon mai ya zauna, tawada ta baje a cikinsa.

A daidai lokacin lori ya yi oda a bakin titi. Mma ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni. Ta dubi tabon, ta dubi Memuna, ta ce a sake. Direba ya zo zaure da kansa yana haki, ya ce fasinja sun hau, hadari yana haɗuwa, in bai ƙetare kwarin da ke gaba kafin ruwa ba zai kwana a hanya. Ya ce, "Mma, ki ba ni haka nan, mara lafiya ba ya duba takarda." Ta ce ya ba ta ɗan lokaci. Memuna tana sauri tana kuka, ta yi kuskure a layi na uku, ta yage ta ɗauki wata. Muna nan muka ji ƙarar lori ta yi nisa. Mma ta ce ba komai, wani makon yana tafe, Yaya ya jira shekara bakwai, zai jira kwana bakwai.

Wani makon aka ba direba wasiƙa ta biyar, fara tas, an liƙe bakinta da ƙullun rogo. Bayan kwana shida ya dawo da lodin albasa, ya tsaya a zaure bai ɗaga murya ba. Ya miƙo ambulan ɗin yadda aka ba shi. Ya ce ya tarar an yi kwana biyu da binne Kawu, kuma ɗansa ya ce wanda aka rubuta wa ya tafi, shi ba zai buɗe abin da ba nasa ba. Mma ta karɓa da hannu biyu, ta sa a ƙasan kwallarta ta tufafi. Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ba ta taɓa cewa nata ne ba. Sai dai daga ranar, in Memuna ta fito da kwalbar tawada, Mma takan tashi ta koma madafa.

Yanzu na tsufa, ina zaune a gidan 'yata, jikata Rashida ce take rubuta wannan da nake faɗa. Kullum ina kallonta da waya, manyan yatsu biyu suna tsalle kamar kaji a kan tsaba. Uwarta ticha ce, kullum suna faɗa, tana cewa yaran yanzu sun yanka Turanci gunduwa-gunduwa, rabin kalma da lamba a tsakiya, har a takardar jarrabawa. Wayar ma, in ji ta, tana ja musu jan layi a ƙarƙashin kuskure, suna gani suna wucewa. Rashida takan ce, "Kaka, ai an gane." Maganar Memuna ce sak, bayan shekara sittin da wani abu. Ni da ban san baƙi ba, abin da na gani shi ne babu mai karanta wa kowa abin da ya rubuta kafin ya tura. Takarda ba ta ƙarewa balle a ji tsoron ɓata ta, babu lorin da ake jira balle a zauna a yi shiri, wanda ake rubuta wa kuma ba a jin nauyinsa.

Bara Memuna ta rasu a Yendi. Saƙon ya shigo wayar Rashida tun ba a yi mata wanka ba. Na ce ta karanta mini, ta karanta, kalma huɗu ne guntaye da ɗan hoton fuska tana hawaye. Babu sallama, babu sunan wanda ya aiko a ciki, babu Allah ya ji ƙanta. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Raina ya ɓaci, na ce matar da ta dunƙule kalma ɗaya a hannu wuni guda, da wannan za a sallame ta. Amma da wannan guntun saƙon na hau mota na sami jana'iza, na taɓa goshinta kafin a rufe. A hanyar dawowa nake ta tunani, da Mma ta sami irinsa, ko da ta miƙa wa direba mai tabon yatsana, da Kawu ya ji.

Sai dai ban ga saurin ya gyara mana komai ba. 'Ya'yana maza biyu, ɗaya yana sayar da hatsi a Bawku, ɗaya yana gyaran babur a Yendi, shekara uku ke nan ba sa ga maciji, a kan wata magana da ƙaramin ya tura cikin fushi kafin ya haɗiye yawu. Da a zamanin Mma ne, kafin a sami takarda, a sami mai rubutu, a karanta masa ya ji da kunnensa, da ya ce a yage. Kowannensu yana kwana da waya a gefen filo. Na sa Rashida ta rubuta musu maganar kakarsu, ta nonon da suka sha, na ce ta bi a hankali ta jera komai daidai, ta karanta mini sau biyu. Babban ya aiko da hoton babban yatsa. Ƙaramin, ta ce alama ta nuna ya gani.

Uwar Rashida takan so in goyi bayanta in ce rubutu daidai shi ne mutunci, Rashida takan so in ce isar saƙo ita ce komai. Ba na goyon bayan kowa, don na ga wasiƙa mai kyau da ta makara, na ga mai sauri da ta iso babu komai a cikinta, kuma ban ga wadda ta haɗa 'yan'uwa ba. Kwallar Mma tana wurina, ambulan ɗin yana ƙasa, ya yi ja kamar ganyen da ya bushe, ƙullun rogon yana riƙe har yau. Kwanaki Rashida ta ce in bari ta buɗe ta ɗauki hotonsa, na ce ba ke aka rubuta wa ba. Babu kuskure ko ɗaya a cikin wasiƙar nan, kuma babu wanda ya taɓa karanta ta.