Malamar Gado-Gado

Kafin ma'aikatan jinya su gama raba maganin safe a ɗakin yara, sai ka ji wata taya tana kuka daga can ƙarshen baranda. Sabon zuwa zai ɗauka keken allura ne, ya ja bargo ya rufe kai. Waɗanda suka kwana biyu a ɗakin kuwa sai su fara gyara zama. Mai ƙafa a rataye ya ɗago wuya, mai ƙarin ruwa a hannu ya ce da uwarsa, "Mama, tayar da ni, Gwaggo ta iso."

Tsohon keken raba magani ne da asibiti ya jingine. Ita ta sa aka ɗaure masa ƙafa da waya, ta cika shi da littattafai da fensira masu launi da 'yan allunan katako da yaro zai ɗora a cinya. Aikinta koyar da yaran da ciwo ya daɗe da tsare su a asibiti, masu karaya da masu ƙuna da masu sikila, don kada karatu ya wuce su suna kwance. Ajinta ba shi da ƙararrawa, ba shi da benci. Daga wannan gado take tashi ta koma wancan, shi ya sa ma'aikata suka sa mata Malamar Gado-Gado, yara kuma suka tsaya a kan Gwaggo. Fiye da shekara talatin ta yi a haka. Ɗalibanta ba sa gama aji tare. Wani a sallame shi, wani a mayar da shi wani asibitin, wani kuma ta zo da safe ta tarar an canja zanen gado, ba ta tambaya, sai ta tura kekenta gaba.

A watan jiya ta yi ritaya. Da aka tambaye ta abin da ta fi tunawa a duk shekarun nan, ba ta ambaci waɗanda suka ci jarrabawa daga kan gado ba, ko da yake suna da yawa. Wata yarinya ta ambata.

'Yar Taga ake ce mata, saboda gadonta yana jikin taga. Tukunyar ruwan zafi ce ta kife mata a hannuwa biyu, aka naɗe su da bandeji har gwiwar hannu. Kafin wannan tsautsayin, in ji uwarta, ba bangon da ya tsira a gidansu, ko'ina zane. Yanzu ko cokali sai an riƙe mata. Idan Gwaggo ta raba fensira, sai yarinyar ta juya fuska wajen taga har a tattara.

Ubanta kafinta ne, kullum da yamma yake zuwa da ƙurar katako a gira. Wata rana ya tare Gwaggo a baranda, yana juya waya a hannu kamar mai jin nauyin magana.

"Malama, akwai wani abu da abokin aikina ya nuna mini. Ƙirƙirarriyar basira suke ce masa. Wai ka faɗa masa abin da kake so da baki, sai ya zana maka. Na ce ko za ki gwada mata, tunda ke kika san yadda ake bi da yara. Ni in na taɓa sai in ɓata."

Gwaggo ta dubi wayar, ta dube shi. Ta sha jin labarin abin, kuma ba ta ji alheri ba. An ce yara suna ba shi aikin gida ya yi musu, su kwafe ko karantawa ba su yi ba.

"Baban yarinya," ta ce, "zanen da hannu bai taɓa ba, ai ba zane ba ne. Ka bari a kwance bandejin. Ni da kaina zan sa mata fensir a hannu, da yardar Allah."

Mutumin ya ce to, ya mayar da wayar aljihu. Bai sake tayar da maganar ba.

Ba a kwance bandejin ba. Ciwon ya ruɓa, zazzaɓi ya hau, aka ɗauke yarinyar zuwa wani asibiti mai nisa. Bayan wani lokaci sai ga kafintan ya dawo shi kaɗai. Tun daga yadda ya tsaya a bakin ƙofa ta gane, ta yi masa ta'aziyya kafin ya buɗe baki. Ya ce ba zama zai yi ba, saƙo ne ya kawo. A kwanakin ƙarshe, da ya ga ba ta cin abinci ba ta magana, sai ya ce bari ya gwada abin nan da kansa, ko ya iya ko bai iya ba. Ya miƙa wa Gwaggo wayar.

Hoto ne na wata tsohuwa tana tura keke cike da littattafai. A bayanta akuya ce sanye da farar rigar likita, da abin awon ƙirji a wuya.

"Ita ta faɗi komai," in ji shi. "Sau da yawa tana sa a sake. Ta ce gilashinki bai kai girma ba, a ƙara. Ta ce akuyar ta cika fara'a, likitanmu ba ya dariya. Ranar ta yi dariya har nas ta leƙo. Ta ce in nuna miki, wai ki ba ta maki."

Mai share ɗakin, wadda take kusa a lokacin, ta ce ba ta taɓa ganin Gwaggo ta zauna a ƙasa ba sai ranar. Ta jingina da bango riƙe da wayar mutane, ta kasa mayar masa. Abin da ta riƙa maimaitawa shi ne, "Zanen yana cikin kanta. Ni na tsaya kallon hannu."

Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Wasu in ta same su sai su lulluɓe ta su ci gaba da abin da suka saba. Gwaggo kuwa ta je gidan babbar 'yarta ta ce a koya mata. Ba a sha da daɗi ba. Yatsa mai nauyi, ido ya fara gajiya, ga saurin fushi.

"Mama, a hankali ake taɓawa, ba ƙwanƙwasa ƙofa kike yi ba."

"To ai ba ya ji ne."

"Yana ji. Ke ce kike masa tsawa kamar ɗan aji ɗaya."

Ta yi watanni tana gwada shi ita kaɗai kafin ta yarda ya kusanci yaro. Ta yi masa tambayoyin da ta san amsarsu, ta ga inda yake daidai, ta ga inda yake shirga ƙarya ido a bushe. Sannan 'ya'yanta suka haɗu suka kawo mata babbar waya mai faɗin allo, ta nemi izinin hukumar asibiti, ta ɗora ta a saman keke kusa da fensira.

Yara suka sa wa abin suna Aku, don ba ya rasa amsa. Dokokin Gwaggo a kansa ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Ba a gaya wa Aku sunan mutum ko gidansu. Ba a tambayarsa magani, wannan na likita ne. Mai hannu lafiya shi zai fara zane ko rubutu da kansa, sannan a nuna wa Aku a ji ra'ayinsa. Wanda hannunsa ba ya aiki shi ne mai ba da umarni, kuma ba a karɓar hoton farko, sai yaro ya duba ya ce a gyara nan, a cire can, har ya zama abin da yake cikin kansa. Babbar dokar kuma, ba a barin yaro da Aku su biyu.

Wata kaka da take jinyar jikanta ta ga allo yana magana, ta ja kujerarta baya tana neman tsari. Kafin a sallame su, ita ce take cewa, "Malama, tambayar mini shi, wai da gaske akwai ƙasar da rana take ƙin faɗuwa?"

Wasan da yara suka fi so shi ne kama Aku. Duk wanda ya gano kuskurensa, ko a lissafi ko a hoton mutum mai yatsa shida, Gwaggo za ta sa a tafa masa, masu hannu ɗaya su buga ƙarfen gado. Babbar nas ta ce akwai yaron da lissafin kaso ya gagare shi tun yana makaranta. Yana kwance da ƙarfe a cinya ya sa Aku ya yi masa bayani ta hanya kaza, bai gane ba, ya ce a sake da misalin yankan lemo, a sake da misalin rabon ƙwallaye. Da mutum ne, da ya gaji. Ranar da ya gane, sai da ya tashi mai barci a gadon kusa don ya koya masa.

Sau ɗaya aka karya babbar dokar, kuma ba da gangan ba. An kira Gwaggo ofis, ta bar allon a cinyar wani yaro mai ciwon ƙashi da niyyar dawowa nan take. Da ta dawo sai ta ga ya kife shi a ƙirji. Ta karɓa ta duba. Ya rubuta, "Za a yanke mini ƙafa?" Aku ya amsa masa cewa shi ba likita ba ne, bai san ciwonsa ba, ya tambayi likitansa ko wani babba da ya yarda da shi.

"Ɗana, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Kowa cewa yake zan warke. Sannan Mama ta fita waje ta yi kuka. Ina jin ta."

Gwaggo ba ta ce masa zai warke ba. Ta je ta samu uwar, ta samu likita, ta ce yaron nan ya riga ya sani, tsoro ne kawai yake ci shi kaɗai. Da yammar ranar suka zauna su uku a bakin gadonsa, aka gaya masa gaskiya daidai yadda zai iya ɗauka. Ƙafar za ta tafi, shi kuma zai zauna. Ya yi kuka, uwar ta yi, wannan karon a gabansa, tana riƙe da shi. Bayan aikin, shi ya zana ƙafar roba da hannunsa, ya riƙa tambayar Aku yadda gwiwa take lanƙwasa. Yanzu yana makarantar sakandare, yana ɗingishi kaɗan, ba ya yarda a riƙe masa jaka.

Ke ce, Gwaggo, kika ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora miki, kika mayar da shi aiki. Ke ce kika koyi sabon abu a shekarun da sa'o'inki suke cewa ido ya gaji. Ba ki yi wa na'ura sujada ba, ba ki kuma tsine mata ba. Kujera kika ja kika zauna tsakaninta da yaro. Uwar marasa lafiya, mai aji ba bango, sannu da aiki.

Sai dai ba a yi wa Gwaggo yadda ya kamata ba. Ranar sallamarta, a ɗan ɗakin shan shayin ma'aikata aka taru, aka sha lemo a kofin roba, aka ba ta agogon bango. Ta yi godiya, sannan ta tambayi wa zai karɓi aikin. Aka ce ana kan dubawa. Tun shekarar da ta wuce take roƙo a ba ta wanda za ta koya wa kafin ta tafi, ana ce mata ana kan dubawa. Har yau ba a turo kowa ba. Allon yana cikin kabad a ofishin babbar nas, a kulle. Ba mugunta ba ce. Nas biyu ne a kan ɗaki guda cike da yara, ba mai sararin zama kusa da yaro, kuma sun ƙi karya dokarta. Iyaye kuma, da yaro ya dame su da kuka, sai su miƙa masa wayarsu su fita shan iska, ya yi ta latse-latse ba mai duba abin da yake gani.

Tana gidan 'yarta yanzu, gwiwa ta hana ta hawa bene. Duk wanda ya je gaishe ta daga asibiti, kafin ya gama zama za ta ce, "An samu?" In aka ce ba a samu ba, sai ta gyaɗa kai ta sa a kawo masa ruwa. Wani ya ce mata wataƙila mutane tsoron na'urar suke yi, ba su iya ba.

"Wane tsoro?" ta ce. "Ni da na fara da furfura ma na iya. Abin da yake cikin aljihun kowa? Zaman ne ba a so. Ka zauna kusa da yaron da ba naka ba, yana wari, yana kuka, ya yi maka tambaya ɗaya sau goma. Wannan ne ba a samu mai yi ba."

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya sa abin da kika yi ya tarar da ke a gaba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin ɗalibanki.

Saura mu. Cikin masu karanta wannan akwai malamin da ya yi ritaya da sauran ƙarfinsa, akwai ɗalibar jami'a da take da yamma guda a mako, akwai uban da ya ba ɗansa waya bai taɓa zama ya ga me suke tattaunawa ba. Wanda yake da yaro a gida ya fara da nasa. Wanda yake da sarari ya je ya samu babbar nas, mukullin kabad yana hannunta, ta ce za ta ba duk wanda ya yarda zai zauna. Ɗakin yana hawa na biyu, hannun hagu, kuma da yamma ake buɗe ƙofa.