Turmi a Bakin Ƙofa

Mijina direba ne, kuma a shekarun da nake magana a kansu, dab da samun mulkin kai, direba a Zongon Kumasi ba ƙaramin mutum ba ne. Lorin wani kamfanin 'yan kasuwa yake ja, yana kai wa kantunan arewa kaya: gishiri, sukari, sabulu, atamfa, kananzir. Ya bi ta Mampong, ya haye ruwa a Yeji, ya sauke a Tamale, wani lokaci har Bawku. Ni kuwa koko da ƙosai nake sayarwa a bakin gidan hayarmu, babban gida mai ɗakuna a jere, kowa yana jin tarin kowa.

Akwai doka a kan direbobi, kuma kamfanin yana bin ta, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Dokar ta ce in mutum ya yi tuƙi na awoyin da aka ƙayyade, dole ya sauka ya huta, kuma ba a sake ɗora shi kan hanya sai hutun ya cika. A lokacin da aiki ya yi yawa, mijina yakan shigo gari da hantsi. Akawu ya karɓi makullin lori, ya rataye a ƙusa, ya rubuta lokaci a wani kati. Makullin nan ba ya saukowa sai bayan la'asar, ko wa ya zo roƙo. Daga nan sai ya kama hanya don ya sami layin jirgin fito na farko a Yeji. Wato tsakanin hantsi da la'asar, gwamnati da kamfani sun haɗu sun ba shi barci.

Abin da dokar ba ta sani ba shi ne Zongo.

Kafin ya cire takalmi labari ya zaga cewa direba ya sauka. Shi ne gidan wayarmu. Wannan an aiko masa da wasiƙa daga Tamale, waccan an aiko mata da daddawa da kuka, wani yana son ya ji ko an ga ƙaninsa da ya tafi fataucin shanu. Wanda ba shi da saƙo ma zai zo barka da sauka, don zumunta a ƙafa take. Maƙwabciyarmu Ba'asantiya mai sayar da kifi ita ma sai ta jawo kujera ta nemi amane, wato a ba ta labarin tafiya daga fari har ƙarshe, kamar yadda ake yi a wurinsu. Kowa ya zo sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an tambayi gida da yara da gajiya. Gajiyar da ake tambayarsa kuwa kullum amsarta ɗaya ce: babu gajiya. Ina jin sa daga wurin murhu yana faɗin babu gajiya sau ashirin, idanunsa jajur kamar gauta.

Shi ba zai taɓa cewa a tafi ba. Mutum ne mai tsoron a ce ya yi girman kai tun da ya hau lori. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajeren haƙuri, uwata ma ta sha faɗa, amma ina sabuwar shiga unguwa, sai na riƙa haɗiyewa ina huce haushina a kan ƙullun ƙosai.

Wata rana ya dawo da ciyawa maƙale a ƙarƙashin lori, gefen hagu duk a kankare. Ya ce akuya ya kauce wa. Na ce to. Wata rana kuma ya yi sujada a sallar azahar, ya daɗe har na leƙa, sai na ji numfashin mai barci. Ruwa ba ya tsami banza, amma ban kama bakin zaren ba sai ranar da nake wanke wandonsa na kaki. A cinyar hagu na ga ɗige-ɗigen jini, ƙanana, sun fi talatin. Na laluba aljihu na sami fil, irin wanda muke kama zane da shi. Da na tsare shi ya yi dariya, ya ce goro ya daina yi masa aiki, barkono ma ya saba da shi, fil ne kawai ke buɗe masa ido a gangaren Mampong. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa ban yi dariya ba, don na san gangaren nan. A nan ne lorin wanda ya koya masa tuƙi ya faɗa rami shekaru bakwai kafin wannan, kowa ya ce ƙaddara.

Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In ya tafi, ƙarar kowace mota sai ta fito da ni titi. Na zuba gishiri a koko, na ƙona ƙosai, na mari 'yar akuyar da ba ta yi mini komai ba. Har ofishinsu na je da sunan kai masa abinci, na tsaya gaban akawun na ce mijina ba ya samun barci. Saurayi ne mai tsabta, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya zaro katin ya nuna mini da bakin alƙalami.

"Maame, mijinka ya huta sosai paa. Duba nan, ya shigo. Duba nan, ya fita. Doka ya ba shi, mu mun ba shi. In ya je gida bai kwanta ba, ba laifin ofis ko kaɗan, koraa."

Na so in ji haushinsa, amma gaskiya ya faɗa. Ikon katin ya ƙare a ƙofar ofis. Daga can zuwa katifa babu ɗan sanda, babu akawu, sai ni.

Dawowarsa ta gaba, na ba shi ruwan wanka da abinci tun kafin kowa ya iso, na ce ya ɗan miƙe kafin mutane su taru, zan tashe shi. Ƙarya nake yi, Allah ya yafe mini. Kansa bai gama taɓa matashi ba barci ya ɗauke shi. Na kwashe saƙonnin da ya zo da su na jera a faranti, na ja ƙofa, na mirgino turmina na kifa shi a bakin ƙofar, na zauna a kai.

Wanda ya fara zuwa mai ɗinki ne. Na ce yana barci, ga wasiƙarka. Ya ce ai gaisuwa kawai zai yi. Na ce zan faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi turmin, ya tafi yana girgiza kai. Wata tsohuwa ta ce, "Ke, ba shi da lafiya ne? Namiji kwance da rana tsaka?" Na ce lafiyarsa ƙalau, ita nake so ta ɗore. Mai kifi ta ce, "Ei, Maame, yau ka zama soja?" Kafin azahar na kori mutum ya fi goma sha biyar, ko gezau ban yi ba. Har wani daɗi na fara ji, irin na wanda ya daɗe yana haɗiye magana.

Sai ga Baba.

Baba shi ne dattijon da ya sauki mijina lokacin da ya zo Kumasi ba shi da kowa. Shi ya ba shi ɗaki, shi ya haɗa shi da ɗansa ya koya masa tuƙi, ɗan nan da ya mutu a gangaren Mampong, shi kuma ya tsaya masa waliyyi a aurenmu. Mutumin ƙasar Nijar ne, tsohon mai fataucin goro, a unguwar Tafo can bayan gari yake zaune. Daga can ya taso da sandarsa cikin rana don ya ce wa mijina, da ya ɗauka tamkar ɗansa, sannu da hanya.

Na sauko na durƙusa na gaishe shi, amma bayana yana jingine da turmin.

"Ina yaron nawa?"

"Baba, yana barci."

"To tashe shi, ki ce ni ne."

Na tuna ɗige-ɗigen nan na jikin wando. Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Ba zan tashe shi ba sai la'asar."

Gidan ya yi tsit, har mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Baba ya daɗe yana kallona. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba. Ya juya ya fita, ina jin sandarsa tana buga ƙasa har ya sha kwana.

Mijina ya tashi fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka har na manta. Ya tafi masallaci sallar la'asar, a can aka feshe shi da labari. Ya dawo yana huci.

"Baba kika kora? Baba? Kin san abin da kika yi kuwa? Kin zubar mini da mutunci a garin da ba ni da kowa sai shi!"

Na ce gara mutunci ya zube a kwashe da a kwaso shi a rami. Ban san na iya irin wannan maganar ba sai da ta fito. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ko sallama bai yi mini ba, makulli kuma yana jiransa, babu lokacin zuwa Tafo ba da haƙuri.

Kwana huɗu ya yi a wannan tafiyar, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Kokona ya riƙa kwantai. A bakin famfo mata suna habaici, wai akwai masu miji na gwal da ba a gani sai da takardar gwamna. Na yi shirin zuwa Tafo sau biyu. Na farko na kai bakin titi na dawo. Na biyu har na hango rufin gidan Baba, sai na tambayi kaina me zan ce. In na ce na tuba, to ranar dawowarsa zan buɗe ƙofa ke nan. In ba zan buɗe ba, tuban me na je yi? Na juyo da goron da na saya a ƙulle a bakin zane. Ga tsoron hanya, ga tsoron saki, ga kunyar tsohon da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Na share ɗaki ya fi sau goma, na wanke kwanukan da ba su yi datti ba.

Ranar da zai dawo na tashi ban san abin da zan yi ba. Ya shigo da hantsi, ya amsa gaisuwata a daƙile, ya yi wanka. Idanun nan sun koma ja. Ya zauna bakin gado wai yana jiran mutane, yana zaune barci ya kayar da shi. Na tsaya ina kallonsa. Sai na ja ƙofa na mirgino turmin, ina mirginawa ina hawaye, don na san wannan karon aurena na kifa a bakin ƙofar.

Ban daɗe da zama ba na ji sandar. Baba ne, da buzunsa a hammata. Na ce shi ke nan, yau za a yi mini hukunci a gaban kowa. Na durƙusa.

"Ɗauke turmin nan," ya ce. "Ba a zama a kan turmi, ba a gaya miki ba?"

Na kawar da shi. Baba ya shimfiɗa buzunsa daidai inda turmin yake, ya zauna ya jingina da ƙofar, ya fito da carbi. Ya ce in kawo farantin saƙo.

Mai ɗinki ya zo, ya yi turus, ya durƙusa. Baba ya amsa, ya miƙa masa abin da aka aiko masa. Mai ɗinki ya ce a gai da direba. Baba ya ce, "Zai ji." Haka aka yi ta yi. Kowa ya zo ya tarar da uba a ƙofar ɗansa, ya yi gaisuwarsa cikakkiya, aka ce masa zai ji, ya tafi ba a ci masa fuska ba. Abin da na yi da faɗa, tsohon nan ya yi shi da kalma biyu, don wanda ya gai da uba ba ya cewa sai ya ga ɗa.

Da aka ɗan sarara na kawo masa ruwa. Wannan karon ya karɓa. Na fara cewa, "Baba, rannan..." sai ya ɗaga hannu.

"Kwana huɗu ina fushi da ke, 'yata. Ina ta cewa a gidana ba a taɓa yin haka ba. Da na faɗa na sake faɗa, sai na ji abin da nake faɗa." Ya ja carbi. "Ranar da ɗana ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, da rana yana kwance. Baƙi suka zo daga Salaga, na tashe shi. Suka tafi, liman ya zo, na tashe shi. Sai wani mai saƙo, na sake tashinsa. Sau uku, da hannun nan. Na ce ɗan mutunci ba ya kwanciya baƙo yana ƙofa. Shekara bakwai ana ce mini ƙaddara, ina amsawa."

Bai jira in ce komai ba. Ya ɗan karkata kai wajen ƙofar, amma kunnensa ya yi nauyi.

"Saurara mini. Yana barcin?"

Na kara kunne a jikin katako. Na ce yana yi, Baba, har da minshari.

Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da jan carbinsa. Ba a jima ba ya sake cewa in saurara. Kafin a kira la'asar sau shida ya tambaye ni.