Odiel Mai Garuruwa Da Yawa

Odiel Vanhoutte bai taɓa cin tseren keke ba, kuma dama ba don ya ci aka ɗauke shi ba. Aikinsa ya koma baya wurin motar ƙungiya, ya cusa gorunan ruwa a riga, ya rarraba wa manyan 'yan wasa, sannan ya shiga gabansu ya tare musu iska. A haka ya fara furfura a kan titunan duwatsu na yankin Flanders, a ƙasar Beljiyam.

Akwai wata al'ada: idan tsere zai ratsa garin mutum, ayarin yakan sassauta, a bar shi ya yi gaba ya gaida danginsa. Odiel ya riƙe al'adar nan hannu biyu. A garin Tielt ya ce yana da gwaggo. A Ronse aka haifi kakarsa. Akwai garin da aka gan shi ya rungumi wata mai gidan burodi yana ce mata Inna, ya dawo kumatu cike da kek ɗin shinkafa. Matar ta daɗe tana tambayar ko ɗan wane ne.

A shekararsa ta ƙarshe sai aka bi da tsere ta Zwevezele, inda aka haife shi da gaske. Mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta taɓa ganinsa a gaba ba, ko a talabijin sai dai ƙeyarsa. Ƙannensa suka ce za su fito da ita bakin titi a kujera.

Ya matsa kusa da Wannes, wanda duk ayarin ke jin maganarsa.

"Babban yaya, garinmu ne a gaba."

"Wanne daga ciki?"

"Na gaskiyar."

"Makon jiya ma haka ka ce. Miƙo ruwa, ɗan gwaggo."

"Tsohuwata na bakin hanya fa."

"Allah ya ja kwananta. Mai burodin ce ko wata sabuwa?"

Na kusa suka yi dariya. Babu wanda ya sassauta.

Odiel ya zubar da gorunan a gefen titi, ya sunkuya, ya danna feda. Da farko sun ɗauka wasa ne. Da suka ga ya yi nisa, suka bi shi da gaske. Iska na dukansa, shi babu mai tare masa, cinyoyinsa kamar an zuba musu barkono. Ya shiga Zwevezele shi kaɗai.

Kocin ƙungiyarsu ya zuro kai ta tagar mota. "Kada ka tsaya, Odiel. In ka wuce, tseren yau naka ne."

Odiel ya ja birki a gaban kujerar, ya sauka ya durƙusa, haki ya hana shi gaisuwa. Tsohuwar ta shafa kansa. Can ayarin ya zo ya wuce fuu, ta bi su da kallo.

"Waɗannan abokan naka ne?"

"Su ne, Inna."

"To me ya hana ka jira su? Ba haka na rene ka ba."